Orde Wingate: Janar ɗin da ya tura sojojin Arewa dajin Bama da bindigar Sten

A ƙarshen watan Oktoban 2020, 'yan bindiga sun sace wani Ba'amurke a ƙauyen Masalata da ke kusa da Birnin Ƙonni a jihar Tahoua ta Jamhuriyar Nijar, gefen babbar hanyar da ta nufi Madaoua da Maraɗi. Kafin a cika mako guda, dakarun Amurka na musamman suka dira cikin dare a arewacin Najeriya, inda aka tsallaka da shi, suka ƙwato shi.

Mutane da yawa sun ɗauki irin wannan yaƙi a matsayin sabon abu, aikin Turawa da na'urorinsu. Amma shekara 76 kafin wannan dare, bataliya uku ta sojojin Najeriya, waɗanda Hausa ce harshen barikinsu, sun yi aiki a cikin ɗaya daga cikin manyan rundunonin musamman na Yaƙin Duniya na Biyu. An sauke su da jirage a bayan sansanonin abokan gaba a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar.

Wanda ya ƙirƙiro rundunar shi ne Manjo Janar Orde Charles Wingate na Birtaniya. A Habasha ana tunawa da shi da alheri, a Isra'ila ana ɗaukarsa gwarzo, a Falasɗinu kuwa sunansa yana tafe da labaran azabtarwa. Hatta a cikin sojan ƙasarsa ba a daina gardama a kansa ba.

Tashinsa

An haifi Wingate ranar 26 ga Fabrairun 1903 a garin Naini Tal na ƙasar Indiya, lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Mahaifinsa, Kanar George Wingate, soja ne. Iyayensa mabiya wata ɗariƙar Kirista ce mai tsauri da ake kira Plymouth Brethren, don haka ya tashi a Ingila cikin haddar Baibul, musamman Tsohon Alkawari da labaran yaƙe-yaƙen Bani Isra'ila. Wannan tarbiyya ba ta rabu da shi ba har ya mutu.

Ya yi makarantar Charterhouse, daga nan ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta Woolwich, inda ya fito a 1923 a matsayin ƙaramin hafsa a rundunar masu harba igwa. Ya koyi Larabci a Landan. Wani ɗan'uwan mahaifinsa, Sir Reginald Wingate, ya taɓa zama gwamnan Sudan, kuma shi ya ƙarfafa masa gwiwar neman aiki a can.

Daga 1928 zuwa 1933 ya yi aiki da rundunar tsaron Sudan a kan iyaka da Habasha, yana farautar masu fataucin bayi da ɓarayin hauren giwa. A nan ya lura cewa sintiri a kan hanyar da kowa ya sani ba ya kama kowa, sai ya koma yin kwanton ɓauna da 'yan mutane kaɗan masu juriyar tafiyar ƙasa. Duk abin da ya yi daga baya, a kan wannan darasi ya gina shi.

Tabon Falasɗinu

A 1936 aka tura shi Falasɗinu a matsayin hafsan tattara bayanan sirri, daidai lokacin da Larabawa suka yi bore ga mulkin Birtaniya da kuma kwararowar Yahudawa. Wingate bai ɓoye ɓangaren da ya ɗauka ba. Saboda aƙidarsa ta addini, ya rungumi manufar kafa ƙasar Yahudawa fiye da yadda gwamnatinsa ta yarda a lokacin.

A 1938 ya kafa wasu ƙananan rundunonin dare, waɗanda suka haɗa sojojin Birtaniya da mayaƙan ƙungiyar Yahudawa ta Haganah, da hedikwata a Ein Harod. Aikinsu na farko shi ne gadin bututun man da ya taso daga Iraƙi zuwa Haifa. Amma ba su tsaya ga gadi ba, suna shiga ƙauyukan Larabawa cikin dare suna kai farmaki.

Masana tarihi irin su Tom Segev na Isra'ila da Matthew Hughes na Birtaniya sun kawo bayanan yadda waɗannan rundunoni suka riƙa hukunta ƙauye dungurungum saboda laifin 'yan tsiraru: bulala, wulaƙanci, da kashe mutane ba tare da shari'a ba. Moshe Dayan da Yigal Allon, waɗanda daga baya suka zama manyan kwamandojin Isra'ila, suna cikin waɗanda suka ɗauki darasi daga salonsa. An ba shi lambar yabo, sannan a 1939 manyansa suka ɗauke shi daga ƙasar saboda ya zurma cikin siyasa.

Habasha da faɗuwar Alkahira

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Janar Archibald Wavell, wanda ya san shi tun Falasɗinu, ya kira shi Sudan. Italiya ta mamaye Habasha tun 1936, Sarki Haile Selassie yana gudun hijira. Wingate ya haɗa wata runduna da ba ta kai mutum 2,000 ba, Sudawa da Habashawa da 'yan hafsoshin Birtaniya, ya sa mata suna Gideon, sunan wani jarumi a Baibul. Da dubban raƙuma suka hau tsaunukan yankin Gojjam, akasarin raƙuman kuma a hanya suka mutu.

Da hare-haren dare da yaudara, rundunar ta sa Italiyawa suka ɗauka babbar runduna ce ke tafe, har dubban sojojinsu suka miƙa wuya. A daidai wannan lokaci, wata birged ta sojojin Najeriya tana cikin rundunar da ta kutso daga kudu, ta Mogadishu zuwa Harar. Ranar 5 ga Mayun 1941 Haile Selassie ya koma Addis Ababa, Wingate yana cikin masu yi masa rakiya.

Nasarar ba ta yi masa daɗi ba. Aka rusa rundunarsa, aka mayar da shi muƙamin manjo, ga zazzaɓin cizon sauro ya kama shi. A watan Yulin 1941, a wani otal a Alkahira, ya yi yunƙurin kashe kansa. Wani hafsa da ke ɗakin kusa ne ya ji motsi ya cece shi. Ba don Wavell ya sake nemansa ba, da aikinsa na soja ya ƙare a nan.

Yadda aka haifi Chindit

A farkon 1942 Japan ta kori Birtaniya daga Bama, ta iso bakin iyakar Indiya. Sojojin Birtaniya sun karaya, sun yarda cewa ba a iya karawa da sojan Japan a cikin kurmi. Wavell, wanda yanzu shi ne babban kwamanda a Indiya, ya kirawo Wingate.

Dabarar da ya kawo ita ce a raba runduna zuwa ayari-ayari na mutum 300 zuwa 400, su shiga can cikin ƙasar da abokan gaba ke riƙe da ita da ƙafa. Alfadarai su ɗauki kaya masu nauyi, rediyon sadarwa ya haɗa su da hedikwata, jirage kuma su riƙa jefo musu abinci da harsasai da laima. Ta haka ba sa bukatar titi, balle a datse musu shi. Sunan rundunar, Chindit, ya samo asali ne daga Chinthe, mutum-mutumin zaki da ke gadin ƙofar wuraren ibadar mabiya addinin Buddha a Bama.

A Fabrairun 1943 mutum kimanin 3,000 suka ƙetare kogin Chindwin. Sun lalata layin dogon da ya haɗa Mandalay da Myitkyina a wurare da dama, sannan suka tsallaka kogin Irrawaddy, inda Japanawa suka kusa yi musu ƙawanya. Dawowar ta zama bala'i. Mutum 818 ba su dawo ba, wasu an kashe, wasu an kama, wasu sun ɓata. Cikin waɗanda suka dawo, kusan 600 ba su sake iya aikin fagen daga ba saboda yunwa da cuta. Wanda ya ji raunin da ba zai iya tafiya ba, a ƙauye ko a gindin bishiya ake barinsa.

Japanawa sun gyara layin dogon cikin ɗan lokaci. Amma Birtaniya tana cikin ƙishin labari mai daɗi, jaridu suka kambama aikin, Firaminista Winston Churchill kuma ya tafi da Wingate taron Quebec a Kanada a watan Agustan 1943. A can ya samu abin da yake nema: ƙarin girma zuwa manjo janar, birged shida, da rundunar jiragen Amurka ta musamman ƙarƙashin Kanar Philip Cochran.

Shigowar 'yan Najeriya

Ɗaya daga cikin birged shidan ita ce Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wadda aka ciro daga Runduna ta 81. Ta ƙunshi bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na sojan Najeriya. Tun zamanin Lugga, a Arewa Turawa suka fi ɗibar sojan fagen daga, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa Bahaushe da Babarbare da Tibi da sauran ƙabilu a bariki, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta. Dukkan hafsoshin bataliyoyin nan Turawa ne, ɗan ƙasa iyakarsa saje-manja, albashinsa kuma bai kai na Bature ba.

Waɗannan samari sun bar ƙasar da ake hango mutum daga nesa, suka ratsa teku zuwa Indiya, aka horar da su a dazukan tsakiyar ƙasar. Kowane sojan Chindit yana ɗauke da kayan da ya kai kilo 33: bindiga, harsasai, gurneti, adda, abincin kwanaki, da shimfiɗa.

Bindigogin da suka riƙe

Duk wanda ya kalli hotunan wancan yaƙi zai ga bindigogi iri huɗu sun fi yawa, kuma ba wuya a bambance su.

Doguwar bindiga mai jikin katako har kusa da baki ita ce Lee-Enfield. Tana cin harsashi 10, kuma sai an ɗana bayan kowane harbi. Ita ce a hannun akasarin sojoji, shi kansa Wingate ita aka fi ganinsa da ita. Wadda ke da ƙafafu biyu a gaba da lanƙwasasshen gidan harsashi a samanta ita ce Bren, ƙaramar mashinga da ke kare gungun sojoji.

Sauran biyun su ne ake kira sabmashinga. Abin da ya raba wannan aji da sauran shi ne harsashi: tana ɓarin wuta kamar mashinga, amma da gajeren harsashin fistol. Wannan ya sa take gajeruwa, ba ta tokarin kafaɗa da ƙarfi, sai dai amfaninta bai cika wuce mita 100 zuwa 150 ba. Jamus ce ta fara kai irinta fagen daga a 1918.

Ta farko ita ce Thompson ta Amurka, wadda aka sani a finafinan 'yan dabar Chicago. Ana gane ta da gindin katako mai sheƙi da mariƙi irin na fistol, wani lokaci da zagayayyen gidan harsashi mai kama da faifai wanda ke cin 50, ko miƙaƙƙe mai cin 20 ko 30. Harsashinta mai kauri ne, nauyinta ya kusa kilo 5, kuma a farkon yaƙin kuɗin guda ɗaya ya kai dala 200.

Tsadar nan ce ta haifi ta biyun, wato Sten, a 1941. An haɗa sunan ne daga haruffan farko na masu ƙirarta, Shepherd da Turpin, da na masana'antar Enfield. Ita kam kamar bututun famfo aka yi wa walda. Babbar alamarta ita ce gidan harsashinta mai cin 32, wanda ke fitowa ta gefen hagu a kwance. Nauyinta kimanin kilo 3 ne, kuɗinta bai fi dala 10 da 'yan kai ba, kuma an ƙera kusan miliyan 4. Sojoji sun yi ta kuka da ita, domin takan cije idan datti ya shiga, takan kuma tashi da kanta idan ta faɗi ƙasa a ɗane.

Duk da haka ta dace da kurmin Bama. A wurin da ba a ganin abin da ya wuce 'yan taku, inda karo da abokin gaba yakan zo bagatatan a kan siririyar hanya ko cikin dare, wanda ya riga sakin harsasai da yawa shi ke rayuwa. Shi ya sa masu share fage da shugabannin ƙananan gungu suka fi riƙe ta.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure a yau. AK-47 da ta cika yankin Sahel ba sabmashinga ba ce, domin harsashinta ya fi na fistol tsawo da ƙarfi, yana kai wa mita 300 zuwa sama. Magadan Sten na gaskiya su ne Sterling ta Birtaniya mai lanƙwasasshen gidan harsashi a gefe, da MAT-49 ta Faransa wadda gidan harsashinta ke naɗewa ƙarƙashin baki, da Uzi ta Isra'ila wadda ake cusa wa harsasai ta cikin mariƙi, da MP5 ta Jamus wadda duniya ta gani a hannun dakarun SAS lokacin da suka kutsa ofishin jakadancin Iran a Landan a Mayun 1980. A yau dakarun musamman sun fi karkata ga gajerun bindigogi irin su M4 da HK416, saboda harsashin fistol ba ya huda rigar sulke ta zamani.

Farin Birni

Daren 5 ga Maris 1944 aka fara aikin da aka sa wa suna Thursday. Jirage suka ja wasu jirage marasa inji maƙare da sojoji, suka sake su a wani fili cikin daji mai laƙabin Broadway. Da dama sun yi karo a wajen sauka, mutane suka mutu, amma kafin dare na gaba an share filin da manyan jirage za su sauka. Cikin mako guda an shigar da mutum kimanin 9,000 da alfadarai fiye da 1,000.

A wannan karo Wingate ya ƙara da sabuwar dabara: a kafa sansanoni masu ƙarfi, kewaye da waya mai ƙaya da nakiyoyi, kowanne da filin jirgi, inda ayari zai fita ya dawo, a kuma kwashe masu rauni da ƙananan jirage. Gadin waɗannan sansanoni shi ne aikin da ya ware wa 'yan Najeriya.

Bai ga yadda suka yi ba. Ranar 24 ga Maris 1944, bayan ya ziyarci sansanonin, jirgin Amurka ƙirar B-25 da ya ɗauko shi daga Imphal ya faɗi a tsaunukan jihar Manipur ta Indiya. Babu wanda ya tsira. Yana da shekara 41, kuma ɗansa ɗaya tilo bayan mutuwarsa aka haife shi.

Daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu aka sauke bataliyoyin Najeriya a sansanin Aberdeen. Daga nan wasunsu suka taka zuwa sansanin da Birgediya Michael Calvert ya kafa kusa da garin Mawlu, a kan layin dogo da titin da ke kai wa Japanawa kaya arewa. An yi masa laƙabi da White City, wato Farin Birni, saboda fararen laimomin da suka maƙale a bishiyoyi.

Daga 6 ga Afrilu, Japanawa suka yi kusan mako biyu suna afka wa sansanin. Da yamma su yi ruwan igwa, da dare su taso wa waya a guje. Sojojin Najeriya da na Birtaniya suka riƙe ramukansu, yayin da wasu ayarin, ciki har da na bataliya ta 7, ke waje suna kai wa maharan farmaki ta baya. Farin Birni bai faɗi ba. Rundunar ce da kanta ta bar shi a watan Mayu bisa umarni.

Bayan Wingate

Wanda ya gaje shi, Janar Walter Lentaigne, bai yi imani da dabarunsa ba sosai. Aka mayar da rundunar arewa ƙarƙashin Janar Joseph Stilwell na Amurka, wanda ya yi amfani da ita wajen kai hari kan wuraren da Japanawa suka kafe, alhali ba ta da manyan igogi ko tankoki. Damina ta sauka, zazzaɓi da atuni da ciwon ƙafa suka yi wa sojoji rubdugu. Wingate ya tsara a riƙa canza su bayan kimanin wata uku, amma 'yan Najeriya sai a watan Agusta aka fito da su. A wannan shekarar an kashe wa rundunar kusan mutum 1,400, an raunata fiye da 2,400. A Fabrairun 1945 aka rusa ta.

Janar William Slim, wanda ya jagoranci ƙwato Bama, yana ganin abin da aka kashe a kan Chindit ya fi abin da aka samu, kuma a Imphal da Kohima aka karya lagon Japan. Magoya bayan Wingate kuma suna nuni da cewa shi ya tabbatar ana iya ciyar da runduna guda daga sama, dabarar da Slim kansa ya dogara da ita, kuma mutanensa sun datse wa Japanawa hanya a lokacin da suka fi bukatarta.

Halinsa ma bai taimaka masa ba. Mutum ne mai faɗa da na gaba da shi, mai yawo da tsohuwar hular kwano ta zamanin mulkin mallaka da ƙasumba, mai ɗaura agogon ƙararrawa a hannu, mai cin ɗanyar albasa kamar goro, wanda kan karɓi baƙi ba ko riga a jikinsa.

Tun da akasarin waɗanda suka mutu a jirgin Amurkawa ne, kuma ba a iya bambance gawarwakin ba, a 1950 aka binne su a kabari guda a maƙabartar Arlington ta Amurka. A Isra'ila akwai cibiyar wasanni mai sunansa kusa da Netanya, a Addis Ababa ma an sa wa wata makaranta sunansa. A Landan, a bakin kogin Thames, an kafa wa Chindit dutsen tunawa a 1990.

Su kuwa mazan jiyan da suka dawo gida, akasarinsu ba su iya boko ba, ba su bar littafi ba, labarinsu a zaure da bakin kasuwa ya tsaya. Marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya yi yaƙin Bama, ya farfaɗo da shi a littafinsa Burma Boy na 2007, wanda ya ginu a kan wani yaro Bahaushe da ya shiga Chindit. Yanzu kusan dukkansu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya saura shi ne lambobin yabo a tsofaffin akwatuna, da jikokin da suka san cewa kakansu ya je Bama, ba tare da sanin a wace runduna ya yi yaƙi ba.